Gwangwanin da Ya Ɗauki Muryar Ɗan'azumi

Ku yaran yanzu kun ɗauki aikin nan wasa, kuma ban ga laifinku ba. Mutum ya kawo muku mota yana son kiɗa ya girgiza unguwa, sai ku shiga kasuwa ku sayo kwambata a cikin leda, ɗan akwatin nan da ke karɓar sauti daga wayoyin sifika, ya rage masa ƙarfi, ya miƙa wa amfilifaya. Kowace waya da launinta, ga hoto a bayan kwali, in kun rikice ku buɗe wayar hannu wani ya nuna muku. In ta ƙone ku jefar ku sayo wata, ku ce wa mai mota jabu ce. Shekaranjiya ina zaune na ga ɗayanku yana haɗa guda, yana cin gyaɗa da ɗaya hannun. Ni kuwa na taɓa haɗa irin wannan akwati tun ba mu san yana da suna ba, a cikin gwangwanin kifi, kuma abincin gidan wani bawan Allah yana rataye a jikinsa. Ku ajiye wayoyin nan ku saurara.

Aikin farko da aka ba ni a shagon Oga Lasisi, bayan tashar motar Funtuwa, shi ne hura gawayi. Farkon shekarun saba'in ke nan. Ba mu da ƙarfen liƙi mai amfani da lantarki. Namu dunƙulen jan ƙarfe ne da mariƙin itace, a cusa shi cikin garwashi ya yi zafi, a fito da shi a narka dalma. In zafin ya yi yawa ya ƙone waya, in bai kai ba dalma ta yi curi ta ƙi kamawa. Oga ba ya tambayarka ko ya yi. Kusa da kumatunsa yake kai shi ya ji, in bai yi daidai ba ya miƙo maka ba tare da ya dube ka ba. Na daɗe a gaban murhun nan kafin a bar ni in taɓa filaya.

Oga Lasisi Bayarabe ne, ya zo Funtuwa yana saurayi ya zauna, 'ya'yansa duk a nan aka haife su, kuma Hausarsu ta fi tawa daɗi. Kayan aikinsa ba su cika ƙaramin akwati ba: filaya, sukundireba, wuƙar fiƙe waya, da tsohon tib na keke da muke yankawa siri-siri mu naɗe haɗi da shi in salatif ya ƙare. Amma abin da ya fi ji da shi ƙwan gwaji ne, wato ƙwan fitilar mota da aka liƙa wa wayoyi biyu. Ka dafa ɗaya a ƙarfen mota, ka taɓa wayar da kake tuhuma da ɗayar. In ƙwan ya kama akwai wuta, in bai kama ba babu. Da wannan ƙwan ya ciyar da iyali har ya aurar da 'ya'ya.

Karatunsa guda ɗaya ne, kuma duk wanda ya shigo shagon koyon aiki sai ya haddace shi. "Wuta tana fita daga batir ta jar waya," in ji shi, "ta yi aikinta, ta koma gida ta jikin mota. Duk wayar da ba ita ta kawo wutar ba, ɗaure ta a ƙarfe." Wannan ɗaurin a ƙarfe shi muke kira as. Fitila haka take, ham haka yake, rediyon wancan zamani ma haka yake: waya ɗaya ake ja wa sifika daga rediyo, ɗaya ƙafar a ɗaure ta a kowane noti da ke kusa. Gaskiya ya koya mana, kuma ta yi mana aiki shekara da shekaru.

Wani direban roka mai ɗaukar auduga daga ƙauyukan Kafur ya taɓa zuwa da tulun ƙasa a kafaɗa, ya ce a ɗora masa sifika a bakin tulun a ɗaure bayan kujera. Na yi dariya, Oga ya harare ni. Da muka gama muka kunna, sai ga ganga tana fitowa daga tulun nan kamar makaɗin yana zaune a ciki. Kafin auduga ta ƙare a shekarar, masu sayar da tukwane sun san sunanmu. Haka kakar auduga take, manomi ya sayar, direba ya samu lodi, kowa kunnensa ya buɗe. Akwai kuma masu zuwa da rediyo yana warin ƙuna, su rantse maka ba wanda ya taɓa shi, ka buɗe ka tarar an naɗe fis da takardar sigari mai ƙyalli. Ba ka cewa komai. Ka gyara, ka ce masa zafin rana ne.

Wata bas mai zuwa Matazu ta wahalar da mu fiye da kowace mota da na tuna. Kullum batirinta sai ya kwana ya wayi gari a mace. An canza batir, an canza mai cajin, duk a banza. Oga ya sa na kwanta a ƙarƙashin sitiyari ina bin wayoyi ɗaya bayan ɗaya da ƙwan gwaji, har na iske wata 'yar ƙusa da direban ya kafa ya rataye laya. Bakin ƙusar ya huda rigar wata jar waya, wuta tana zurarewa ta nan a hankali. Na fito ina murna na ce a cire layar. Oga ya ce, "An kawo maka gyaran waya ko gyaran laya?" Ya naɗe wayar ya sauya mata hanya, ya bar ƙusa da layarta inda suke. Direban ya tafi yana cewa dama ya san layar ba za ta bar shi ya wulaƙanta ba.

Da Oga ya yaye ni, na koma Malumfashi na kafa rumfa a bakin hanya. Na samu mita mai allura, na soma buɗe cikin rediyo maimakon tsayawa a wayoyinsa na waje. Amma yaye ba ya raba ka da ubangidanka. In ya aiko, rufe rumfa za ka yi ka tafi, kuma da ka taka ƙofar shagonsa ka koma yaro. Ba ka zama sai an ce ka zauna, ba ka taɓa aiki sai an miƙo maka, ba ka kuma gyara masa magana a gaban mai kaya. Ku da kuke ce mini "Baba, ba haka ake yi ba" a gaban kowa, da a lokacin ne da kun sha mamaki.

Sai shekarar nan ta zo, a farkon shekarun tamanin, da damina ta ɗauke ƙafa da wuri. Dawa ta tsaya ba ta cika ido ba, auduga ta yi ƙaranci, lodi ya ragu, wanda kuwa ba shi da lodi ba ya tuna rediyo. Mutane suka daina kawo mana rediyo gyara, suka fara kawo shi sayarwa. Ga shi kayan gyara sun ɓace daga kasuwa gaba ɗaya. Dalma sai mu kankaro daga tsofaffin rediyoyi mu sake narkawa, batirin tocila ma sai wanda ya san wani. Rewaya, wato masu irin sana'armu, da yawa sun rufe shago sun koma gona, gonar da ita ma ba ta ba da komai ba.

A cikin wannan hali ne sababbin rediyoyin mota masu kaset suka fara shigowa, a jakar alhazai da ta 'yan kasuwar da ke zuwa kudu. Wasu sun zo hannuna a mace, duka da ciwo iri ɗaya. Da wani ya zo da ransa, na zauna na auna shi da mita, sai na ga abin da ban taɓa gani ba. Wayoyin sifika biyun nan duka suna da wuta, ba wadda take komawa gida ta jikin mota. Ɗaya tana turawa ɗaya tana ja, shi ya sa suke da ƙara haka. Ka ɗaure ɗaya a ƙarfe yadda aka koya mana, ka kashe ɗan baƙin abin nan mai ƙafafu da yawa da ke ciki, wanda ake kira aisi. A shekarar kuwa ko Kaduna ka je ba za ka same shi ba.

Yanzu bari in gaya muku wane ne Ɗan'azumi. Maganin ƙwarin rumbu yake sayarwa, da na ɓera. Yana da farar a-kori-kura, ƙanensa Sule ke tuƙi, an ɗaure ƙahon lasifika a samanta, ga tsohuwar amfilifaya mai cin batirin mota da Oga Lasisi ya haɗa masa tun ina koyon aiki. Ranar kowace kasuwa, daga Funtuwa zuwa Ƙarfi zuwa Malumfashi, zai tsaya ya kama makirfo ya fara. Maganin akwai irinsa a teburin kowane ɗan koli, bakinsa ake saye. Kuma kasuwarsa ta kaka ce. Daga an fara kai hatsi gida zuwa a rufe rumbuna, nan yake samun abin da gidansa zai ci har wata kakar.

Da daminar nan muryarsa ta fara dushewa. Da ya ga abin ba na mura ba ne, sai ya zaɓi wata safiya da muryar ta ɗan saki, ya je wurin wani mai shagon kaset a Funtuwa. Aka rufe shi a ɗakin ciki da makirfo mai kyau, ya zuba duk abin da yake faɗa a kasuwa har ya cika kaset gaba da baya. Daga nan aka kai shi asibiti a Zariya aka yi masa aiki a maƙogwaro. Ya dawo da ransa, amma muryar ta tsaya can. Sai raɗa, ita ma sai ka kai kunne bakinsa.

Sun gwada kara makirfo a bakin ƙaramin rediyon hannu. Abin da ya fito kamar mutum yana magana daga cikin rijiya, in Sule ya ƙara sauti ƙahon ya yi ta kuka, ga batir babu. Sai wani surukinsa da ya dawo daga aikin hajji ya ba shi sabon rediyon mota mai kaset. Abin da ya rage shi ne a haɗa bakin rediyon da kunnen amfilifaya. Aka kai wa Oga Lasisi, Oga kuwa ya aiko mini, don idonsa ya fara gajiya da ƙananan liƙi.

Na isa da hantsi na tarar da motar a ƙofar shago. Ɗan'azumi yana zaune a benci, ya rame, ya naɗe wuyansa da ƙyalle, kaset ɗin yana aljihun gaban rigarsa ya dafe shi da hannu. Na durƙusa na gaida Oga, na gaida shi. Ya ɗaga mini hannu.

"Malam Hamisu, an fara yankan dawa fa," in ji Sule. "In kakar ga ta wuce mu, ban san mi za mu ci ba. Yaya ba shi da gona, kai ma ka sani."

Oga ya riga ya ɗaure rediyon a ƙarƙashin dashbod, ya ja masa wuta. Irin rediyon nan baki biyu gare shi, na hagu da na dama, kowane da wayoyinsa biyu. Na leƙa na ga ya ɗauki ɗaya daga cikin wayoyin hagu ya murɗe ta a notin ƙarfe, tsaf, irin murɗin da har yau ban iya kamarsa ba. Mai kaya yana zaune, ƙanensa yana tsaye. Na nemi hanyar da ake bi.

"Oga," na ce, "ko in kawo ƙwan gwaji mu ɗan taɓa wayoyin nan tukuna? Na ga sababbin nan suna da wani hali."

"Hamisu, wayar sifika ce fa," ya ce. "Wace wuta za ka gani a wayar sifika? Je ka duba mani gawayi."

Ina shirin roƙonsa ya zo mu yi magana daga ciki, ya murɗa makulli. Ba wata ƙara aka ji ba. Ɗan ƙas kawai, sai warin nan da duk mai wannan sana'a ya sani. Kafin in ƙifta ido ya fizge wayar batir. Ya tsaya. Sannan ya kwance wayar daga notin, ya ɗauko ƙwan gwajinsa da kansa, ya mayar da wuta, ya taɓa wayoyin dama ɗaya bayan ɗaya. Ƙwan ya yi ɗan ja a ta farko. Ya yi ɗan ja a ta biyu. Ya daɗe yana kallonsa.

Ba wanda ya san abin da ya faru sai ni da shi, kuma da ya ce haka rediyon ya zo da an yarda. Ya fito daga motar ya tsaya a gaban benci.

"Malam Ɗan'azumi, na ƙona maka gefe ɗaya. Ni na ƙona shi, da hannuna. Saura gefe ɗaya, kuma ƙaho ɗaya gare ka, zai ishe ka in bai mutu ba. Hamisu zai yi aikin, ya fi ni sanin irin wannan."

Ɗan'azumi ya dube shi, ya dube ni, ya ƙara dafe aljihunsa. Sule ya buɗe baki zai yi magana, yayan ya taɓa masa gwiwa. Oga ya miƙo mini ƙarfen liƙi ta wajen mariƙin, ya je ya zauna a gaban murhu yana fifita gawayi. Daga ranar bai sake karɓar sabon rediyo ba, duk wanda ya kawo sai ya ce masa ya wuce Malumfashi.

To ga matsalar, ku da kuke cewa abu ne mai sauƙi. Abin da ke fitowa daga wayoyin sifika ƙarfi gare shi, an yi shi ne don ya girgiza takardar sifika. Ƙofar amfilifayar Ɗan'azumi kuwa ta makirfo ce, an yi ta don muryar mutum. Ka haɗa su kai tsaye, kamar ka juye tulu a cikin ludayi ne. Wannan ɗaya ke nan. Na biyu, ƙofar amfilifaya ƙafarta ɗaya tana ɗaure da jikin mota ta ciki. Saboda haka ko ba ka murɗa waya a noti ba, da ka haɗa su ka yi wa rediyon as ta bayan gida, gefen da ya rage ya bi ɗan'uwansa. Dole a sami abin da zai wuce da sauti ba tare da ƙarfe ya taɓa ƙarfe ba.

A ƙarƙashin teburin Oga akwai kwandon matattun rediyoyi. Na zazzage shi na samu wani tsohon rediyon hannu, na ciro ƙaramar taransifoma daga cikinsa, ba ta fi goro girma ba. Naɗin waya biyu ne a cikinta, ba sa taɓa juna, amma abin da ɗaya ya ji ɗayan yana maimaitawa. Na auna da mita na tabbata ba sa taɓawa, na sake aunawa. Na nemo rizisto mai kauri, ɗan abin nan da ke rage wa wuta ƙarfi, na gicciya shi tsakanin wayoyin dama, don rediyon ya ɗauka sifika yake turawa ya kwantar da hankalinsa. Daga nan na bi da wani ƙaramin rizisto zuwa naɗin farko. A bayan naɗi na biyu na sa ɗan abin murɗawa, irin wanda ake juyawa da bakin sukundireba, shi zai ce ga yawan sautin da zai wuce. Sai waya mai riga, wadda aka saƙa wa zaren ƙarfe a waje, ta ɗauka zuwa amfilifaya, rigar kuma a can gefen amfilifaya kaɗai na ɗaure ta. Wayoyin hagu da suka mutu na naɗe kowace daban da robar tib na cusa su can ciki.

Babu akwatin da za a zuba wannan tarkace, sai Sule ya je wurin mai shayi ya karɓo gwangwanin kifi, muka wanke shi da toka. Na shimfiɗa kwali a ciki don kada wani abu ya taɓa ƙarfensa, na huda gefe na fitar da wayoyi, na huda sama daidai kan abin murɗawar. Da muka ta da inji sai ga wani siririn kuka kamar na sauro, Sule ya taka mai ya ƙaru, ya saki ya ragu. Wayar sautin ce ta bi kusa da ta batir. Na kwance na sake mata hanya ta ɗaya gefen, kukan ya tafi. Wannan ma har yau kuna yin sa, ku ce wa mutane amfilifayarsu ce ba ta da kyau.

Sai da na gwada da wani kaset na kiɗa, na ga gefen dama yana nan lafiya kuma rediyon ba ya cin zare, sannan na miƙa hannu. Ɗan'azumi ya ciro nasa ya ba ni. Na rufe abin murɗawar har ƙasa, na tura kaset, na fara buɗewa a hankali.

"Jama'a, salamu alaikum! Ɗan'azumi ya iso! Mai rumbu, matso kusa! Kai ka sha rana, kai ka sha duƙe, ƙwaro yana kwance a inuwa yana jiran ka kawo mashi. Abin da Allah ya ba ka, da ɗiyanka za ka ci ko da ɓera?"

Na tsayar da shi daidai inda muryar ta cika ba ta fashe ba. Wannan ita ce ƙa'idar aiki: ka buɗe har ka ji ta fara tsagewa, ka dawo baya kaɗan. Tas take fita, kowane harafi a wurinsa, ko gidan rediyo sai haka. Masu faci da 'yan kamasho suka taru suna dariya suna sa albarka. Na ji daɗin aikin nan, ba zan ɓoye muku ba. Ɗan'azumi ya karkata kai yana saurare, bai yi murmushi ba. Na ɗauka jin muryarsa ne ya taɓa shi.

Ranar kasuwar Ƙarfi na bi su, don in ga yadda haɗin zai jure gargadar hanya. Sule ya tsaya inda suka saba tsayawa, kusa da masu hatsi, ya jera ƙullin magani a bayan mota. Ɗan'azumi yana zaune a gaba. Na tura kaset.

Muryar ta tashi ta rufe kasuwa, lafiya lau, amma ba wanda ya zo. A shekarar motocin hukuma suna yawo kasuwa-kasuwa ana shelar farashin kaya, kuma su ke da irin wannan murya mai santsi. Ina kallo wani mai gero ya ja buhu ya rufe hajarsa tun bai ji abin da ake faɗa ba. Waɗanda suka tsaya suka saurari maganar kuma sai suka yi ta kallon motar daga nesa. Kaset ya yi nisa ba a ɗauki ko ƙulli ɗaya ba. Can wani dattijo ya dogaro sandarsa ya zo wurin Sule.

"Kai yaro, ku ji tsoron Allah. Bawan Allah na kwance ba lafiya, kun samo wani ɗan birni yana kwaikwayon shi? Mun san muryar Ɗan'azumi. Wanga ba shi ba ne."

"Baba, wallahi shi ne," in ji Sule. "Ga shi nan zaune."

Dattijon ya leƙa ta taga, ya ga ramammen mutum da ƙyalle a wuya, ya yi masa sannu irin wadda ake yi wa baƙo, ya juya ya tafi. Sule ya dube ni. Na sunkuya na duba haɗina, ba abin da ya kwance. Na rasa abin da zan gyara, domin ba abin da ya lalace. Rana tana ɗagawa, wasu manoman da suka gama sayayya sun fara ɗaure kaya a keke.

Sai Ɗan'azumi ya taɓa kafaɗata, ya nuna sukundireban da ke aljihuna. Na ba shi. Ya sunkuya a ƙarƙashin dashbod, ya lalubi hudar gwangwanin, ya fara murɗawa. Ya wuce inda na tsaya. Muryar ta fara tsagewa, na kai hannu zan hana shi, ya buge hannun. Ya ci gaba har ƙahon ya fara rawa a saman mota, muryar ta yi kaushi ta fashe, kowane "jama'a" yana fita da tsatsa a jikinsa. A wurin mai sana'a wannan ɓarna ce. Amma ita ce muryar da ƙauyukan nan suka sani, domin ba wanda ya taɓa jin Ɗan'azumi a ɗaki mai shiru. A tsohon makirfo suka san shi, ya manna shi a leɓe yana ihu. Ya ɗan dawo baya, ya ɗan ƙara, kansa a karkace, sannan ya zare sukundireban. Na dafa amfilifayar na ji ba ta yi zafin da ya wuce wanda ta saba ba.

Wata mai ƙosai ce ta fara ɗaga kai. "La'ilaha illallahu! Ɗan'azumi ya tashi!" Ta bar kaskonta a wuta ta taho. Kafin a juya kaset bayan motar ya cika, Sule yana miƙa ƙulli da hannu biyu. Dattijon nan ya dawo yana ture mutane da sanda.

"To, yanzu na ji magana! Ina yake?"

Ɗan'azumi ya buɗe ƙofa ya fito, ya tsaya a ƙarƙashin ƙahon, bakinsa a rufe, muryarsa tana zuba a kansa. Dattijon ya kama hannunsa ya riƙe bai saki ba.

Da mutane suka ɗan lafa, Ɗan'azumi ya jawo ni ya kai bakinsa kunnena. Sai da ya maimaita sannan na ji.

"Kada ya motsa."

Na shiga layin 'yan koli na samo kwalbar jan farce, na dawo na kwanta a ƙarƙashin dashbod. Na ɗiga a kan abin murɗawar, na jira ya bushe, na ƙara wani a kai, yadda ko ni na zo da sukundireba ba zan iya gyara shi ba.